Garuruwan gindin dutse a ƙasar Kano: me ya zaunar da su, kuma ina za a kai ɗalibai

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: me ya sa tsofaffin garuruwanmu da yawa suke gindin duwatsu, kuma waɗanne za ka iya kai ɗalibanka daga cikin birni su gani da idonsu. Amsar da aka saba ji ita ce tsaro, wai gudun yaƙi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Duwatsun ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da kowanne ya ba mutanensa daban ne.

Fara da gida. Dala da Goron Dutse tuddai ne masu marmara a ka, shi ya sa suke ja, samansu kuma a shimfiɗe. A cikin irin wannan marmarar ake samun tama. Dala yana kan kusan mita 534 daga doron teku, amma birnin kansa a tudu yake, don haka hawan bai kai ko mita 100 ba. Tudu mai wannan tsayi ba zai tare rundunar kirki ba. Abin da ya tara mutane a nan ƙarfe ne, da ruwan Jakara, da ƙasar noma. Masu tonon kayan tarihi sun sami wurin narka tama a Dala wanda aka ƙiyasta shekarunsa zuwa ƙarni na 7 Miladiyya. Saboda haka ka hana yaran rubuta cewa an kafa Kano a shekarar 999. Wannan shekarar zuwan Bagauda ce a lissafin kundin sarakunan Kano, kuma kundin da kansa ya ce Bagauda ya tarar da mutanen Barbushe a wurin. Tsaron ma da hannu aka gina shi daga baya, lokacin da Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya soma ganuwa.

Duwatsun Rano, da Dutse, da Birnin Kudu kuwa dutse ne mai tauri, fari-fari ko toka-toka, ga falale, ga manyan curi a ɗore kan juna, ga koguna. Amfaninsu na farko ruwa ne. Falalen dutse ba ya shan ruwan sama. Duk abin da ya zuba gangarowa yake ya nutse cikin yashi da tsakuwar da suka taru a gindi, ya shiga tsagogi. Shi ya sa tsofaffin rijiyoyi suke zagaye da gindin dutse ba su da zurfi sosai, alhali a ɗan nesa kaɗan mai haƙar burtsatse zai iya hudawa ya tarar da busasshen dutse idan bai dace da tsaga ba. Ka sa ɗalibai su tambayi zurfin rijiya gaba nawa a gindin dutse, su sake tambaya a sabuwar unguwa. Wannan gwajin ya fi dogon bayani a aji.

Inda maganar tsaro ta zauna daram shi ne Santolo da Ningi. Santolo, a yankin Dawakin Kudu, ta daɗe tana gagarar sarakunan Kano har zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, wanda ya ci ta bayan zuwan Wangarawa, malaman Musulunci da suka zo daga Mali. Ningi kuwa a jihar Bauchi take yau, amma tarihinta ba ya rabuwa da namu. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa bayan saɓani kan haraji, suka shiga duwatsun da Butawa da Warjawa da Fa'awa ke zaune. Daga can Ningawa suka yi shekaru da dama suna kai hari kudu maso gabashin Kano, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya ga wurin: ƙarfin Kano dawakai ne, doki kuwa ba ya sukuwa a tsakanin curin duwatsu, mai kwari da baka a sama shi ke da rinjaye.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 hare-hare suka lafa, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kasuwa ta koma bakin hanya, mutane suka yi ta saukowa fili. Nan masu ziyara suke yin kuskure: su tsaya a tasha ko sakatariya, su ce sun ga gari. A Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa a 1991, tsohon garin shi ne Garu, can cikin duwatsu inda fadar take. Ko'ina ka je, ka tambayi ina kufai yake. Alamominsa ba sa ɓuya: kukoki a cunkushe wuri ɗaya, tsingaro a ƙasa bayan ruwa ya wanke, kashin maƙera baƙi mai nauyi, ramukan niƙa a kan falale, da tsofaffin ramukan karofi.

Game da tafiya, a ganina ka jera ta haka. Dala da safe, kafin rana ta yi zafi, daga sama a nuna musu Goron Dutse da layin badala. Wata ranar Rano, ta Karfi da Bunkure, a wuce a ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974. Birnin Kudu ta cancanci yini guda ita kaɗai, ta Wudil da Takai, saboda zanen shanu da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun da ke amo in an ƙwanƙwasa su. Kada kowa ya yayyafa wa zanen ruwa don ya fito a hoto, ko ya bi shi da alli. Haka ake kashe shi.

Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, ita ce garin tsauni na sosai a jihar nan. Can ne ƙasar Kano ta fi tudu, ruwan sama ya fi na birni yawa, sanyi ma haka. Kuza ce ta raya ta tun kafin zuwan Turawa, kuma faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985 ta durƙusar da harkar a ƙasar nan. Sai dai ban ba ka shawarar kai ƙananan yara ba. Hanyar ta Kwanar Dangora da Tudun Wada ce, ta ratsa dajin Falgore, dole a yi ta da rana bayan an tambayi halin da ake ciki, kuma akwai tsofaffin ramukan haƙa da ciyawa ta rufe bakinsu.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Da damina falale santsi gare shi, in hunturu ya kankama hazo zai rufe muku nesa, da bazara kuwa dutsen ba ya takuwa daga hantsi. Kowane yaro ya zo da ruwa lita 2 da takalmi mai ƙasan roba, ban da silifas. A bar turare a gida, domin ƙudan zuma na zama a koguna, kuma kada a zura hannu cikin tsaga saboda maciji da kunama. Kafin ranar, ka kai takardar makaranta gidan hakimi ko dagaci, su za su haɗa ka da ɗan jagora. In an zo jin tarihi, kusan ko'ina za a ce maka wani maharbi ne ya sari garin. Ka rubuta, sannan ka nemi gidan maƙera da tsofaffin mata ka ji nasu daban, don su ne ke riƙe da sunayen tsofaffin rijiyoyi da unguwannin da aka tashi.