Ambulan ɗin "ganin alƙali"

Ka ce Alhajin nan mai shari'ar fili ya tare ka a bakin mota bayan an ɗage zama, ya cusa maka ambulan, ya ce wannan na ganin alƙali ne, ai ku lauyoyi kun san hanya. Ka ji nauyinsa don ya haife ka, ka karɓa, yanzu ga shi a jakarka kana tambayata yadda za ka yi. To ɗana, ja kujera.

Gobe da safe ka kira shi nan ofis. A gaban sakatare za ka mayar masa, a ƙirga, ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi abinsa cif. Kada ka aiki direba, kada kuɗin su ƙara kwana a hannunka. Kuma kada ka yi masa faɗa. Mutumin da ya shekara uku yana sintirin kotu, kullum a majalisa ana faɗa masa shari'a sai da nauyin aljihu, tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba.

Ni fa ba na jin tsoron ka kai wa alƙali. Shekararka biyu da fitowa daga makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, ko ƙofar ofishinsa ba za ka iya ƙwanƙwasawa da wannan magana ba. Abin da nake tsoro shi ne ka riƙe kuɗin ka yi shiru, Alhaji ya ɗauka saƙo ya isa. Nan ne masu wayo suke faɗawa, suna cewa ai ba su ba kowa cin hanci ba. In mun yi nasara, Alhaji zai ce kuɗinsa ne suka yi aiki, ya kuma gaya wa duk wanda ya tambaye shi. In mun faɗi, zai ce abokin shari'arsa ya fi shi bayarwa. Ko ta ina, ka sayar da alƙali, mutumin da bai san an kai shi kasuwa ba.

Na taɓa gani da idona. Wani abokin aikinmu ya karɓi irin wannan ya zuba a aljihu. Shari'a ta juya musu baya, mai kuɗi kuwa bai zame ko'ina ba sai gidan alƙalin, ya yi sallama, ya ce tunda aiki bai yiwu ba a ba shi abinsa. Dattijon nan kuwa ko goron sallah ba ya karɓa daga lauya. Har ya yi ritaya, akwai waɗanda suke kallonsa da wannan magana.

Ka karanta ƙa'idojin ɗa'ar aikinmu a makaranta, na 2007 da aka sabunta a 2023. Ko maganar shari'ar da ke gaban alƙali ba a yarda ka yi da shi ba in lauyan ɗaya ɓangaren ba ya wurin, balle kuɗi. In ƙorafi ya kai gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, hukuncinsu uku ne: gargaɗi, dakatarwa, ko a soke sunanka daga rajistar da ke Kotun Ƙoli. Shi kuma alƙali Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, ce ke bincikensa, ta ba Shugaban Ƙasa ko gwamna shawarar a sauke shi. Kana sakandare a watan Oktoban 2016 lokacin da jami'an DSS suka dira gidajen alƙalai cikin dare, har da na Kotun Ƙoli. Mu da muke sa rigar nan, makonni muka yi muna jin kunyar haɗa ido da jama'a.

Da Alhaji kuwa, ajiye masa sassan doka gefe, ba su ne za su shige shi ba. Tuna masa hadisin Ummu Salama, inda Manzon Allah (SAW) ya ce wani kan fi wani iya tsara hujja, duk wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, to yankin wuta aka yanka masa. In filin nasa ne, ba ya bukatar saye. In ba nasa ba ne, me zai gina a kai?

Zai iya fushi ya ce a ba shi fayil ɗinsa ya nemi lauyan da ya san hanya. Ka ba shi, a rubuce, ba gardama. Mun rasa waɗanda suka fi shi kuɗi, ofis bai rufe ba.

In kuma ya zauna, ka ce ya kashe kuɗin nan wajen ɗauko tsohon mai unguwar da aka yi cinikin a gabansa, an ce yana can wajen 'yarsa a Zariya, kuma ƙafa ta fara gagararsa. Miƙo mini fayil ɗin ma tukuna, ina jin har yanzu ba mu karɓo kwafin taswirar filin daga ma'aikatar ƙasa ba.