Gilashi Iri Ɗaya, Amma Hoton Abokina Ya Fi Faɗi

Tambaya: Malam, na sayi gilashin kyamara mai milimita 50, a takardarsa an rubuta digiri 47. Abokina yana da irinsa, amma in mun tsaya wuri ɗaya, nasa ya kwaso mutum shida a jere, nawa huɗu da ƙyar. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, gilashinka lafiyarsa ƙalau. Faɗin ganin kyamara ba gilashi kaɗai ke yanke shi ba, da girman sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara. Babbar sensa tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, daidai da fim ɗin da. Ƙananan kyamarorin Nikon kuwa faɗin tasu kusan 23.5 ne, sai su yanke gefe-gefen abin da gilashin ya kawo. Shida da huɗun da ka faɗa sun nuna mini ƙaramar sensa ce a kyamararka, babba a ta abokinka.

Digiri 47 ɗin ma, wato kusurwar faɗin ganin gilashin, da wayo a ciki. Kamfanoni sun fi son awon karkace, daga lungu zuwa lungu, domin shi ya fi ba da lamba mai tsoka. A kwance, milimita 50 a kan babbar sensa digiri 40 ne, a tsaye 27. A taka kuwa, a kwance kusan 26 ne kawai. Mai jera mutane, awon kwance ne damuwarsa.

Gwada da kanka. Kafa kyamara mita 5 daga bango, ta fuskance shi sak. Sa wani ya yi alama da alli a inda hoton ya ƙare dama da hagu, ka auna tsakani da tef. Ta abokinka za ta ba da kusan mita 3.6, taka 2.35. Raba rabin faɗin da nisan, danna tan⁻¹ a kalkuleta, ka ninka biyu, ga kusurwarka nan. Kada ka matsa kusa da bango sosai, don lambobin kamfani na abu mai nisa ne, a kusa ganin kan ɗan tsuke.

In kana son faɗi irin na abokinka, nemi mai milimita 35. Wannan na 50 kuma kada ka sayar, a kyamararka ya dace da hoton fuska.