Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan ijazar malaminsa

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce malaminku na cewa hannu da hannu ya karɓi ijaza, wato izinin karantarwa, daga Shehu Ibrahim Inyass a Kaulaha, sai wani ya nuna maka takardar haihuwarsa ta 1968, alhali Shehu ya rasu a 1975. Kana tsoron bincike ya zama rashin ladabi.

Ka kwantar da hankalinka, lissafin shekaru aikin malaman hadisi ne tun da can. A Bagadaza an taɓa fito da wata takarda wai Annabi (SAW) ya yafe wa Yahudawan Khaibara jizya. Khaɗibul Bagdadi ya duba sunayen shaidu kawai: ga Sa'adu ɗan Mu'azu da ya rasu bayan yaƙin Khandaƙ, kafin a ci Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira, ga Mu'awiya da bai musulunta ba sai bayan Khaibara. Nan take takarda ta faɗi, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Sai dai ita ma takardar haihuwar da aka nuna maka a tuhume ta. Mu nan Tawa mun san yadda ake yanka wa mutum takardar haihuwa daga baya, a rage masa shekaru don makaranta ko aiki. Ni ma takardata shekara uku aka zabge mata.

Abin ya taɓa samuna. Shekara tara ina ɗaukar karatu gaban wani dattijo, Allah ya jiƙansa, sai na lura a silsilarsa, wato jerin malaman da karatu ya biyo ta hannunsu har zuwa kansa, akwai mutum biyu da ba yadda za a yi su haɗu a duniya. Wata guda ban yi barcin kirki ba. Da na kasa jurewa, na same shi bayan la'asar shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ya shige mini duhu." Ya yi shiru, ya shiga ɗaki ya ɗauko gafakar mahaifinsa. Ashe mai kwafa ne ya tsallake suna ɗaya. Ya gyara da hannunsa, ya sa mini albarka.

Da tsawa ya yi mini, ko ya ce tambaya na kore albarka, wallahi da na naɗe buzuna. Kuskure kowa na yinsa, amma wanda ya ƙirƙiri haɗuwa da Shehu don tara almajirai, ba zan ɗauki karatun alwala ma a wurinsa ba.

Ka je ka tambaye shi a keɓe, kada ka fara kai maganar WhatsApp: wace shekara ya je Kaulaha, su wa suka tafi tare, kuma ina rubutacciyar ijazar.