Me Ya Kawo Katafariyar Majami'a Cikin Ƙauyen Lavenham?

Tambaya: Na ga hotunan wani ƙauye a Ingila mai suna Lavenham, kewaye da gonaki, amma majami'arsa ta fi ta wasu manyan birane girma. Me ya sa ƙaramin wuri ya mallaki gini irin wannan, kuma wa ke ɗaukar nauyinsa a yau?

Amsa: Majami'ar da kake magana a kai ita ce ta Waliyyi Bitrus da Waliyyi Bulus, wadda ke bisa tudu a gefen Lavenham, cikin gundumar Suffolk da ke gabashin Ingila. Mazauna garin a yau ba su kai dubu biyu ba, amma hasumiyar majami'ar ta kai kusan mita 43, ana hango ta daga nesa a tsakanin gonakin alkama da sha'ir. Dalilin wannan rashin daidaito shi ne, lokacin da aka gina ta, Lavenham gari ne na masaƙa da attajirai.

A ƙarni na 15 garin ya yi suna wajen saƙa tufafin ulu masu kauri da ake rina su shuɗi da wani tsiro na Turai wanda ke ba da irin launin da baba ke bayarwa a marinar Ƙofar Mata. Fatake na kai wannan haja har ƙasashen ƙetare, dukiya ta taru, har ta kai a lissafin harajin 1524 Lavenham ya zo na 14 a jerin garuruwan Ingila mafi arziki. Da wannan kuɗi aka sake gina majami'ar tsakanin wajajen 1485 da 1525. Manyan masu ba da gudummawa su ne basaraken yankin, John de Vere, wanda ya jagoranci dakaru a yaƙin Bosworth na 1485 da ya ɗora Henry na 7 kan gadon sarauta, da kuma iyalan Spring, attajiran tufafi, musamman Thomas Spring da ya rasu a 1523 ya bar wasiyyar kuɗi don a ƙarasa hasumiyar. Tambarin gidajen biyu yana sassaƙe a jikin ginin sau da dama, kuma a ganina wannan ya nuna niyyarsu ƙarara: suna neman addu'ar masu ibada bayan mutuwarsu, kamar yadda aƙidar zamanin ta koyar, suna kuma son kowa ya san wanda ya biya.

Ko kayan ginin ma shaida ne na wadata. Ƙasar Suffolk ba ta da dutsen sassaƙa mai kyau, sai ƙananan duwatsu masu tauri irin na ƙyastu, waɗanda magina ke fasawa su jera a bango, yayin da farin dutsen da aka yi ginshiƙai da tagogi da shi sai an yi dakonsa daga nesa.

Ya kamata a lura cewa an gina ta ne a matsayin majami'ar Katolika. Sai a 1534, da Sarki Henry na 8 ya raba gari da Fafaroma, ta koma ƙarƙashin Cocin Ingila, wato ɗarikar Angalika, tare da sauran majami'un ƙasar.

Bayan haka kasuwar tufafin ta mutu. Masaƙa 'yan gudun hijira daga yankin Holan da suka zauna a Colchester sun fito da tufafi marasa nauyi kuma masu araha, sai cinikin Lavenham ya durƙushe. Talaucin da ya biyo baya ne ya adana garin, domin mutane ba su da halin rushe tsofaffin gidajensu na katako su yi na zamani, shi ya sa suke nan a karkace har yau, masu yawon buɗe ido na tururuwa don ganinsu.

Game da ɗaukar nauyi kuwa, nan ne wahalar take. Duk da cewa Cocin Ingila shi ne cocin hukuma, gwamnati ba ta biyan kuɗin gyaran gine-ginensa na yau da kullum. Nauyin yana kan majalisar ikkilisiyar garin, wadda ke tara kuɗi daga baikon masu ibada, da gudummawar baƙi, da tallafin ƙungiyoyin adana kayan tarihi. Doka ta wajabta ƙwararren masanin gini ya duba majami'ar duk bayan shekara biyar, kuma ba a taɓa wani muhimmin sashe nata sai da izinin dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop, wanda a nan shi ne na St Edmundsbury da Ipswich. Lavenham ta yi sa'ar samun baƙi da yawa. Ƙauyukan da ba su da wannan sa'a, inda limami ɗaya ke zagaya majami'u da dama, wasu majami'unsu an daina ibadar mako a cikinsu, an miƙa su ga asusun adana majami'u da aka kafa a 1969, wanda ke kula da fiye da 350 a faɗin Ingila.