Fatawa: An Gayyace Ni Gonar Inabi, Ko Zan Iya Kurɓar Giyar In Tofar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan Damagaram ne, ina karatun aikin gona a birnin Bordo na ƙasar Faransa, shekara ta biyu ke nan. Akwai wani ɗan ajinmu Bafaranshe da ya riƙe ni tamkar ɗan'uwa tun zuwana. Shi ya nema mini ɗaki, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni kuma shi ya kai ni asibiti. Iyayensa suna da gonar inabi kusa da garin Sant-Emiliyon, gadon kaka da kakanni, a nan suke matse inabin su yi jar giya su sayar. To yanzu ya gayyace mu mu huɗu mu je lokacin girbi. Za a zagaya da mu gona, a shiga ɗakin ganguna, sannan mahaifinsa ya buɗe kwalabe a ɗanɗana, a rufe da abincin rana. Na ce masa ni Musulmi ne ba na shan giya, sai ya ce ai ba sha ake yi ba, kurɓa ake yi a juya a baki a tofar. Ni kuma na tuna an ce mai azumi yana iya ɗanɗana miya ya tofar. Malam, wallahi ina jin nauyin in ce masa a'a. In je ko kada in je?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin tafiya, ba bayan an dawo ba. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma abubuwa da yawa ne a ƙunshe cikinta, kuma hukuncinsu bai zo ɗaya ba. Zan fara da wanda babu kewaye-kewaye a kansa: ɗanɗanawar nan ba ta halatta gare ka ba, ko ka haɗiye ko ka tofar.

Ka duba lafazin da Allah ya haramta giya da shi a suratul Ma'ida, aya ta 90. Ya ambaci giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a, ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, sai ya ce "fajtanibuhu", wato ku nisance shi. Bai tsaya ga "kada ku sha" ba. Asalin kalmar daga gefe take: kai kana wannan gefe, abin yana wancan. Imam Ƙurɗubi, wanda malamin mazhabarmu ne ta Malikiyya, ya yi bayani a tafsirinsa cewa wannan lafazi yana nufin nisanta gaba ɗaya, ta yadda ba za a amfana da ita ta kowace fuska ba, ko sha, ko ciniki, ko magani. To wanda ya cika bakinsa da abu yana juya shi a kan harshe yana auna daɗinsa, wane mai hankali ne zai ce ya nisance shi?

Kuma bari mu kalli yadda ake ɗanɗanawar nan da kyau, don kalmar "tofarwa" tana sa a ga abin kamar wasa. Ana zuba giyar a ƙasan kofin gilashi mai dogon wuya. Mutum ya ɗaga ya dubi launinta a haske, ya kaɗa kofin don ƙamshin ya tashi, ya cusa hancinsa ya shaƙa. Sannan ya kurɓa, ya riƙe ta a baki, ya wuce da ita kan harshe da dasashi, wasu har su zuƙi iska ta tsakanin haƙora don ɗanɗanon ya fito sosai, daga nan ya tofar a wani ɗan bokiti da aka aje don haka. Ba kuma sau ɗaya ake yi ba, kwalba ake bi bayan kwalba, ta bana da ta bara da wadda ta shekara goma a ajiye. Abin da ya saura a baki ina yake zuwa? Yawu yake bi ya wuce maƙogwaro. Ai masu sana'ar ma abin da suke yabo a giya mai tsada shi ne daɗewar ɗanɗanonta bayan an tofar. Jar giya irin ta yankin nan kuwa sinadarin maye da ke cikinta yakan kai kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi daga Jabir. A Risala ma, wadda na san ka ji ta a makarantar zaure, Ibn Abi Zaid cewa ya yi Allah ya haramta shan giya, kaɗan ɗinta da mai yawanta.

Batun mai azumi da miya, na ji daɗi da ka kawo shi, don nan ne da yawa suke zamewa. Gaskiya ne Buhari ya kawo maganar Ibn Abbas cewa babu laifi mai azumi ya ɗanɗani abin da ke tukunya, ko da yake malamanmu na Malikiyya sun karhanta hakan. Amma ƙiyasin bai hau ba. Miya halal ce a karan kanta. Abin da aka hana mai azumi shi ne ya kai ta cikinsa kafin faɗuwar rana, da an kira magariba ya zauna ya shanye kwano. Giya kuwa ita kanta ce haramun, babu wata magariba da ake jira a kanta. Matar da take ɗanɗana miya tana gyara abin da iyalinta za su ci ne. Kai me za ka gyara?

Akwai wani abu da zan faɗa maka don amanar ilimi, tun kafin wani ya faɗa maka shi a karkace. Malaman fiƙihu sun rataya haddin shan giya ne ga isar ta maƙogwaro, saboda haka wanda ya sa a baki ya tofar ba a yi masa bulala. Wannan magana ce ta alƙali da abin da yake hukunci a kai. Rashin haddi ba ya nufin rashin zunubi. Zunubai nawa ne manya da ba su da haddi, irin su cin riba da giba? Sannan a wajen mafi yawan malamai, har da mazhabobin nan huɗu, giya najasa ce. Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu bin Sa'ad, da Muzani sun tafi a kan cewa ita ba najasa ba ce, shanta ne haramun, amma ko su babu wanda ya ce a kurkure baki da ita. Inda shari'a ta yi rangwame shi ne lalura ta gaske, kamar wanda loma ta shaƙe shi yana shirin mutuwa babu ruwa kusa, ko wanda aka tilasta, kamar yadda Shaihu Halil ya kawo a Muhtasar. Jin nauyin aboki bai kai nan ba.

Sai zama a wajen. Kada ka ce to zan tsaya a cikinsu da kofin ruwa, su su sha. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a kan teburin da ake zagaya giya a kansa, Imam Ahmad ma ya kawo irinsa daga Sayyidina Umar. Zaman ɗanɗanawa ya ma fi tebur na abinci tsanani, don shi babu abin da ya tara mutane sai giyar. Ita ake kallo, ita ake shaƙa, ita ake yabo. Kuma ka san halin zama: yau ka riƙe kofin ruwa, wani ya ce shaƙa kawai ka ji, wani ya ce miƙo mini waccan kwalbar. Miƙawar nan ba ƙaramin abu ba ce. A hadisin Anas an la'anci mutum goma a kan giya: mai matsa ta da wanda ake matsa wa, mai shanta, mai ɗaukarta da wanda ake kai wa, mai shayar da ita, mai sayarwa da mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. Ka lura, mai sha ɗaya ne kawai cikin goma.

Anas ɗin nan shi ne yaron da yake zuba wa mutane giya a gidan Abu Ɗalha ranar da aka haramta ta. Suna zaune sai suka ji mai shela, Abu Ɗalha ya ce masa fita ka zubar, ya fita ya zubar, har ta kwarara a lungunan Madina. Mutanen nan sun saba da ita tun tasowarsu, kuma dukiya ce a wajensu. Ba a ji wanda ya ce bari in kurɓi ta ƙarshe in tofar ba.

To yanzu ga ɓangaren da nake so ka saurara da kunnen basira, don kada tsoron haram ya sa ka yi wa mutumin kirki rashin kirki. Ziyartar abokinka da gaishe da iyayensa ba laifi ba ne, abin so ne ma. Allah ya ce a suratul Mumtahana, aya ta 8, bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku a kan addini ba kuma ba su fitar da ku daga gidajenku ba, ku yi musu adalci. Wanda ya kai ka asibiti kana baƙo a ƙasarsu yana da haƙƙi a kanka. Inabi kuma itace ne mai albarka, Alƙur'ani ya ambace shi a wurare da dama cikin ni'imomin Allah, har da na Aljanna. Kai ɗalibin noma ne: ka shiga gonar, ka ga yadda suke jera kurangar a kan waya, ka ji yadda suke yi mata aski da sanyin hunturu, yadda ƙasar yankin mai farin dutse take riƙe danshi, ka tambayi bambancin inabi nau'in Merlot da Cabernet Franc, waɗanda su ne aka fi shukawa a can. Ka tsinki nonon inabi ka ci in sun ba ka. Wannan ilimi ne da zai yi maka amfani ko a inabin ci da na zabibi.

Ɗakin ganguna shi ne tsaka-tsaki. A nan ne ake barin ruwan inabin tare da ɓawonsa, yis ya cinye sukarin ya mai da shi abin maye, ɓawon ya ba shi jan launi, sannan a zuba a gangunan katako masu cin lita 225 a bar shi ya yi watanni. Kallo da ido ba sha ba ne, kuma idan makaranta ce ta wajabta muku ziyarar don darasi, ka shiga ka saurara ka rubuta ka fito, ba da kofi a hannu ba. Amma wannan tafiyar taku ta shaƙatawa ce, kuma a al'adance a bakin gangunan ake fara miƙa kofi. Ni a ganina ka tsaya a waje ya fi maka.

Abincin rana fa? A gidan masu wannan sana'a da wuya ka ga tebur babu kwalba. Kada ka shiga gidan mutane kana kafa musu doka, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Ka sami abokinka tun yanzu, ku biyu, ka ce masa: ina son in ga gidanku in gaida mahaifanka, amma addinina ya hana ni ɗanɗanawa da zama inda ake sha, yaya za mu yi? Mai yiwuwa ka je da hantsi ku zagaya gona ka yi sallama kafin a zauna, ko ka je da la'asar a sha shayi ko gahawa. Idan su da kansu suka ce za su kau da kwalabe saboda kai, ka zauna ka ci abin da ya halatta ka gode musu. Sai dai ka tambayi abin da ke cikin miya, don fitacciyar miyar naman yankin Bordo da jar giya ake haɗa ta, dahuwa kuma ba ta kore ta duka. Mutanen can sun saba da wanda ba ya sha, ko direba ko mai juna biyu ko mai ciwo. Abin da yake ɓata zumunci shi ne ka yi shiru har a miƙo maka kofi a gaban baƙi sannan ka ture, dattijon ya ji kunya a gidansa. Ka riƙa musu 'yar tsaraba, ko dabino ne.

Tunda lokacin girbi ne, watan Satumba zuwa Oktoba, na san ana ɗaukar ɗalibai aikin tsinkar inabi, kuma aljihun ɗalibi kullum a bushe yake. In an yi maka tayi kada ka karɓa. Gonar da ka san inabinta matsewa za a yi a yi giya, tsinkar ta taimako ne a kan saɓo, kuma aya ta 2 a Ma'ida ta hana. Da wannan ne malamanmu suka hana a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Gonakin tuffa da na kayan lambu ma suna neman hannu.

Ruwan inabi sabon matsa, wanda bai fara tsami da kumfa ba, halal ne, ka sha abinka; Annabi ma ana jiƙa masa zabibi ya sha, in ya kai yammacin kwana na uku sai ya bar shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas. Giyar da ake cewa an cire mata sinadarin maye kuwa, giya aka fara yi sannan aka tace, kuma doka ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin ɗari a cikinta. Ka bar ta.

Da za ku rabu, akwai yiwuwar dattijon ya ɗauko kwalba ya ba ka, don ita ce mafi darajar abin da yake da shi. Irin haka ta faru a gaban Annabi: Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya kawo, cewa wani mutum ya kawo masa kyautar salkar giya, bai san an haramta ba. Annabi ya sanar da shi, sai mutumin ya yi wa wani raɗa cewa a sayar, Annabi ya ce wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita. Nan take mutumin ya kwance bakin salkar ta zube. Saboda haka kada ka karɓa da niyyar ka ba maƙwabcinka ko wani malaminku, kuma in 'yan ajinku sun sayi katan-katan, kada ka zama mai ɗauka zuwa mota. Ka yi wa dattijon godiya da sakin fuska, ka ce in da hali a sauya maka da kwandon inabi.

Wallahu a'alam.