In Haɗa Kuɗi A Sake Yi Mini Allurar BCG?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon ƙirji, kuma duk lokacin hunturu ba na rabuwa da mura da tari. Wani abokin aikinmu ya ce a zamanin korona an yi wa ma'aikatan lafiya na ƙasashen Turawa allurar BCG, wadda ake yi wa jarirai saboda tarin fuka, don ta kare su daga cututtukan numfashi, har ya ce zai samo mana kwalba idan muka haɗa kuɗi. Ko in sa nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki riƙe kuɗinki. Abokin aikinku bai shirga ƙarya ba, sai dai farkon labarin ya ji, bai tsaya ya ji ƙarshensa ba.

Tsohuwar allura ce BCG. Wasu masana biyu 'yan Faransa, Albert Calmette da Camille Guérin, su ne suka raunana ƙwayar tarin fukan shanu har ta zama rigakafi, aka fara ba jariri a birnin Paris a 1921. Daga baya masu bincike a Gini Bisau suka lura cewa jariran da aka yi wa ita suna tsira daga wasu cututtukan da ba su da nasaba da tarin fuka, sannan Farfesa Mihai Netea na ƙasar Holan da abokan aikinsa suka nuna cewa allurar tana horas da garkuwar jiki ta farko, wato wadda aka haifi mutum da ita, ta yadda za ta fi saurin tashi tsaye idan wata ƙwaya ta daban ta shigo. Saboda haka da korona ta ɓarke a 2020, alhali babu rigakafinta tukuna, ba wauta ba ce a tambaya ko wannan allura mai araha za ta iya zama garkuwar wucin gadi ga likitoci da nas-nas.

An gwada kuwa, ba a tsaya kan hasashe ba. Gwaji mafi girma shi ne BRACE, wanda Farfesa Nigel Curtis na cibiyar bincike ta Murdoch da ke birnin Melbourne na Ostireliya ya jagoranta a kan ma'aikatan lafiya na Ostireliya da Holan da Sifaniya da Birtaniya da Barazil. A sakamakon da aka wallafa a Afrilun 2023, wanda ya shafi mutum kusan 4,000, kashi 14.7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa BCG sun kamu da korona mai alamu cikin wata shida, su kuwa waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri marar magani, don a kwatanta, kashi 12.3 ne. Tazarar ba ta kai a ce allurar ta ƙara musu ciwo ba, amma babu ko ƙanshin kariya a ciki. Wani gwajin a Holan a kan ma'aikata kimanin 1,500 bai ga raguwar kwanakin fashin aiki saboda rashin lafiya ba, haka ma ba a ga kariya daga korona ba a wanda aka yi a Afirka ta Kudu, inda galibin mutane, kamar mu nan, an riga an yi musu BCG tun suna jarirai. Tun a Afrilun 2020 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar amfani da ita don korona ba.

Batun kwalbar da za a samo muku ya fi damuna. Ƙwayar da ke cikin BCG rayayya ce, dole a ajiye ta cikin sanyi nesa da haske, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sai a zubar da ragowar bayan awa shida. Cikin fata ake yin ta, idan hannu ya zarce sai ƙurji mai mugunya ya biyo baya. Ba a yi wa mai juna biyu, ba a yi wa mai ƙwayar cutar ƙanjamau ko mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe a sashe irin naki mai yiwuwa ta riga ta haɗu da ƙwayar tarin fuka, abin da kan sa wurin allurar ya yi saurin kumbura ya yi gyambo. Sannan a Nijeriya kyauta ake yi wa jarirai ita, don haka sai ki tambayi kanki daga rabon wa kwalbar ta fito, domin jarirai su ne aka tabbatar tana kare su daga sanƙarau na tarin fuka da nau'insa mai bazuwa a jiki.

Idan kuɗin ya taru, ku sayi takunkumin N95 da ya zauna daidai a fuska, ku nemi allurar mura ta shekara-shekara inda ake samunta, ku kuma matsa wa shugabannin sashe a riƙa buɗe tagogi ana ware masu tari. Shi kuma tarin naki, idan ya kai mako biyu, ko ya zo da rama da gumin dare, ki kai majinarki a yi gwajin GeneXpert, mai gano ƙwayar tarin fuka, a cibiyar tarin fuka ta gwamnati, inda gwaji da magani duk kyauta ne.