Amsar Yaya kan fentin ƙofar gida a Houston

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji muryarka, wai ƙofar sabon gidanka ta koɗe, kana so ka shafa mata kore wannan Asabar ɗin, kana tambaya ko sai ka gaya wa 'yan HOA, wato ƙungiyar masu gidajen unguwa. To wallahi ajiye burushin nan tukuna, ka saurare ni.

Ranar da ka sa hannu a takardun gidan nan, har da dokokin ƙungiyar masu gidajen unguwa ka sa wa hannu, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Cikin gida naka ne, ka yi duk kalar da ranka ke so. Amma abin da mai wucewa a titi zai gani, da hannunsu a ciki, ƙofa kuwa ita ce fuskar gida. Ni ya faru da ni. Shekarar da muka tare na yi wa tawa shuɗi mai duhu, ta yi kyau ƙwarai, ba a yi wata ba sai ga wasiƙa har da hoton ƙofar a ciki. Na sake sayen fenti, na sake ɓata kwana biyu, kuma abin ya daɗe yana min ciwo, don ba kuɗin banza gare ni ba a lokacin.

Abin yi ba wuya. Shiga shafinsu ka nemi fom na kwamitin da ke duba gyaran waje. Ka rubuta sunan kalar da lambarta yadda take a ɗan katin nan na shagon fenti, ka haɗa da hoton ƙofar. Wasu unguwannin suna da jerin kalolin da suka yarda da su, ka fara duba shi. Galibi sukan ɗauki wajen kwana 30. Kuma a rubuce za ka karɓi amsa, ka ji ko? "Maƙwabcina ya ce ba komai" ba ta fitar da kai. A nan Texas doka ta ce sai sun turo maka sanarwa kafin su ci ka tara, kana kuma da kwana 30 ka nemi a zauna a ji ta bakinka, amma me zai kai ka can?

Sai yanayi, wanda shi ya fi damuna da Asabar ɗin taka. Agusta muke fa. A gida ƙurar hunturu muke gudu, fenti kam kafin ka juya ya bushe. Nan danshi ne abokin gaba. Fentin ruwa yana son zafi tsakanin 50 zuwa 85 a ma'aunin nan nasu na Fahrenheit, danshi kuma kada ya wuce kashi 70. Yanzu rana za ta busar da saman, ƙasan yana ɗanye, sai ka ga ya yi ƙuraje, sawun burushi ya fito ɓaro-ɓaro. Ka rufe ƙofar da dare, robar gefe ta manne, da safe ka ja ta ɓanɓare fentin. Kuma ƙofa a buɗe za ta wuni, ga sauro, ga sanyin AC yana tafiya a banza.

Don haka tura fom ɗin yau, ka bari sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Watan Maris ma ban so, saboda ƙurar itatuwa mai ruwan ɗorawa da ke rufe motoci. Ka zaɓi kwana biyu da ba a sa ran ruwa, ka fara da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, lokacin da inuwa ke kan ƙofar. Wanke ta, goge da sanfefa, cire mariƙi da makulli, ka shafa fentin hannu biyu marasa kauri, ka ba na farko lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. In ƙofar yamma take kallo, musamman in da ta gilashi a gabanta, guji kala mai duhu, zafi take tarawa.

Af, in an gina gidan kafin 1978, kada ka kankare tsohon fentin sai an gwada ko da dalma a ciki, saboda yara.

Turo min hoton fom ɗin mu cike tare bayan Isha'i. Ka gaida amarya.